Matsafin Takarda Ya Fi Bokan Kasuwa Gaskiya

A ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, idan aka ce saurayi ya dafu, ba a neman ƙarin bayani. An jiƙa masa ya sha, an ba shi na wanka, an ɗaura masa guru a ƙugu da kambu a damtse, wataƙila har da riga mai jerin layu daga wuya zuwa cibiya. Da wannan shiri da bindigar toka ake tura shi bakin daji ya tari mutanen da ke zuwa a kan babura, biyu-biyu ko uku-uku, kowa rataye da AK-47. Idan ya dawo, a yabi boka. Idan bai dawo ba, a ce ya karya sharaɗi, ko a ce kwana ne ya ƙare. Ta kowace fuska boka ba ya faɗuwa jarrabawa.

Talakan da aka bari ba kariya yana da uzuri idan ya kama abin da hannunsa ya kai. Waɗanda ba su da uzuri su ne masu ilimi da masu riƙe da muƙamai, waɗanda ke zaune a Katsina da Kaduna da Abuja suna tura wa juna bidiyon 'yan sa-kai suna goga wuƙa a ciki, suna rubuta "maza gumbar dutse" a ƙasa, alhali ɗayansu ba zai yarda ɗansa ya tsaya gaban bindiga da laya ba. Wannan sakaci ne aka lulluɓe da rigar al'ada. Kuma hanya mafi sauƙi ta ganin girmansa ita ce a dubi wani wasa na Turawa wanda aka gina kacokan a kan sihiri, a ga yadda masu yin sa, da babu ran kowa a hannunsu, suka fi tsananta lissafi a kan asirin ƙarya fiye da yadda ake yi a kan asirin da ake jingina rayukan samari a kansa.

Wasan da aka yanka wa sihiri farashi

A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wasan Dungeons & Dragons. Rabinsa tatsuniya ne, rabinsa lissafi. Mutum huɗu ko biyar za su zauna a tebur, ɗaya ya zama mai ba da labari kuma alƙali, sauran kowa ya ɗauki gwarzo guda ya rubuta siffofinsa a takarda: mayaƙi, ko ɓarawo, ko mai warkarwa, ko matsafi. Duk abu mai wuya da gwarzo ya yi niyyar yi, sai an jefa ɗan lido mai fuska ashirin kafin a san ko ya dace. Babu mai tsafi na gaskiya a wurin, lambobi ne a takarda. Hukuncin halaccin wasan kuwa na malamai ne. Abin dubawa a nan shi ne tsarinsa.

A ƙa'idojin bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, kowane gwarzo yana da siffofi shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima da kwarjini. A ɗaya daga hanyoyin gina shi, ana ba ɗan wasa maki 27 ya raba. Ɗaga siffa guda zuwa 15 yana cin maki 9, saboda haka wanda ya ɗaga uku zuwa ƙololuwa ya cinye rabonsa, sauran ukun sai su zauna a 8, ƙasa da na mutum tsaka-tsaki. Darasin farko ke nan: ba a samun komai a banza, abin da aka ƙara a nan an rage shi a can.

Matsafi sabon shiga yana da damar yin manyan sihiri biyu rak, daga nan sai ya huta na awa takwas kafin su dawo. Jikinsa kuma tukunyar ƙasa ce: makin ransa kan tsaya wajen 8, alhali ƙaramin dodon da ya fi yawa a wasan yana cire tsakanin 3 da 8 a sara ɗaya. Sara biyu sun isa su kwantar da shi.

Abin mamaki shi ne yadda jerin sihirin wasan ya yi kama da kayan da ke cikin jakar boka. Akwai mai ɓatar da mutum daga gani, ɗan'uwan layar zana, amma ba ya wuce awa guda, kuma yana warwarewa da zarar mai shi ya kai hari. Akwai mai sandarar da abokin gaba, kamar sagau, amma wanda aka yi wa yana da damar kuɓucewa a kowane zagaye. Akwai mai saukar da duhu, kamar baduhu, sai dai yana makantar da abokan tafiya kamar yadda yake makantar da maƙiyi. Akwai kuma takwaran kau-da-bara, wanda ke ƙara maki 5 a kan kariyar matsafi na zagaye guda.

A nan lissafin yake da daɗi. Matsafi mai kariya 12, wancan ƙaramin dodo zai same shi sau 65 cikin 100. Idan ya yi sihirin kariya ta koma 17, za a same shi sau 40 cikin 100, kuma ya ƙone rabin guzurinsa na yini. Mayaƙin da ke gefensa, wanda bai san sihiri ko ɗaya ba, yana sanye da sulke da garkuwa, kariyarsa 18: za a same shi sau 35 cikin 100, kuma sulkensa ba ya ƙarewa da la'asar. Wato ko a duniyar da aka ƙaga musamman domin sihiri ya yi aiki, ƙarfe ya fi laya tsare jiki. 

Abin da gwanaye suka gano

Shekaru da dama masu sha'awar wasan suna muhawara a kan yadda ake gina matsafi mafi inganci. Suna ƙirga yiwuwar kowane jifa, suna gwada haɗi da haɗi, suna watsar da abin da bai ci gwaji ba komai daɗin sunansa. Sabon shiga yakan ruga wa ƙwallon wuta, sihirin da ake jefa 'yan lido takwas dominsa, mai cin matsakaicin maki 28 a kan duk wanda ke cikin da'irar ƙafa ashirin. Gwanaye sukan yi masa murmushi, domin sun san abubuwa biyar.

Na farko, wanda ya riga ganin abokin gaba ya ci rabin yaƙi, don haka sihirin leƙen asiri da na faɗakarwa sun fi na ƙuna daraja. Na biyu, aikin matsafi shi ne sarrafa fili: ya toshe hanya, ya raba maƙiya, ya rage musu gudu, sauran su ƙarasa. Na uku, matsafi ba ya iya riƙe sihiri mai ɗorewa fiye da ɗaya a lokaci guda, kuma duk bugun da ya sha na iya wargaza shi, saboda haka wajibi ne a tsare shi a baya. Na huɗu, tawagar da ba ta da mai warkarwa gajeriyar tafiya gare ta. Na biyar, ƙwallon wuta ba ya tambayar suna: duk wanda ke cikin da'irar zai ƙone, har da ɗan'uwa.

Taƙaitawar ita ce matsafi mafi inganci shi ne wanda ya san iyakar sihirinsa, ya kuma gina kansa a cikin tawaga. Wanda ya zuba dukan makinsa a asiri ya shiga gaba shi kaɗai, takardarsa ake fara yagewa.

Kasuwar da ba ta da rasit

A ɗauki wannan mudu a auna kasuwar asiri da shi. Mai sayar da maganin bindiga ba ya faɗin kashi nawa cikin ɗari yake kariya, ko harsashi nawa yake ɗauka kafin ya sane, ko daga nisan taku nawa aka gwada shi. Abin da yake jerawa sharuɗɗa ne: kada a kusanci mace, kada a ci kaza, kada a waiwaya, kada a tsallaka abu kaza. Sharuɗɗan suna da yawan da duk gawar da aka kawo za a samu wanda za a ce ta karya. Aikinsu na gaskiya shi ne kare boka daga tuhuma.

To me ya sa shaidu suka yi yawa? Kowane gari yana da wanda aka buɗe wa wuta bai ji ko ƙwarzane ba, kuma ba ƙarya yake yi ba. Amsar tana wurin wani masanin lissafi, Abraham Wald, wanda a 1943, yana aiki a Jami'ar Columbia da ke New York, ya nazarci jiragen yaƙin Amurka da ke dawowa da hudar harsashi. Hankali na farko zai ce a ƙara sulke inda hudar ta fi yawa. Lissafin Wald ya nuna akasin haka: jiragen da aka samu a wuraren da ba a ga huda ba, irin su inji, su ne ba su dawo ba balle a ƙirga su. Haka kasuwar laya take. Wanda ya tsira ne ke ba da labari a majalisa. Wanda harsashi ya samu yana maƙabarta, ba a jin ta bakinsa.

A ƙara da cewa mai harbi daga kan babur, cikin duhu, yana ɓarin harsashi barkatai, mafi yawan abin da ya harba iska yake samu. Mutum goma za su tsaya, takwas su fita lafiya, da laya ko babu. Takwas ɗin nan su ne tallar boka ta shekara mai zuwa. A zamanin da bindigar toka ce kaɗai a daji, mai albarushi mai rauni da saiti marar tabbas, imanin nan yana da wurin ɓuya, domin fata mai kauri ko lifidi na iya rage wa harbin ƙarfi. Harsashin AK-47 yana fita da gudun sama da mita 700 a daƙiƙa guda, kuma gidan harsashi ɗaya yana ɗaukar 30. Makami ya sauya, tallar ba ta sauya ba.

Sannan akwai abin da ba a cika son faɗa ba: 'yan bindigar ma suna ɗaure da guraye da layu, kuma daga irin wannan kasuwa suka saya. Idan asiri yana ɓangarorin biyu, to ba shi ne ke raba gardama ba. Abin da ya rage a kan sikeli shi ne bindiga, da babur, da mai, da masu kai rahoto daga cikin gari. Su kansu sun san haka. A tarukan sulhun da aka yi da su a wannan yanki a 2025, abin da suka zo suna nunawa a fili manyan makamai ne.

Tarihi ya riga ya yi gwajin

A 1905, a ƙasar da ake kira Tanzaniya a yau, wani mai suna Kinjikitile Ngwale ya raba wa jama'a ruwan da ya ce zai mai da harsashin Jamusawa ruwa. Zaluncin da suka tayar wa gaskiya ne, jaruntarsu ma gaskiya ce, ruwan kuma ya haɗa kan ƙabilun da ba su taɓa haɗuwa ba. Amma a Mahenge, a watan Agusta na wannan shekara, bindigogi masu sarrafa kansu suka yi musu kisan kiyashi. Zuwa 1907 da aka murƙushe tawayen Maji Maji, mafi ƙarancin ƙiyasi ya ce mutum 75,000 suka mutu, wasu masana kuma suna kai adadin 300,000, akasarinsu saboda yunwar da ta biyo baya.

A gida ma magabata ba su kasance masu wauta ba. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ba da labarin Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, cewa ya koma wa tsafin Tsibiri da yaƙin Zazzau ya gagare shi. Amma littafin nan dai shi ne ya ce Kanajeji ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Sarkin da ya je wurin matsafa bai fita fagen fama da riga ɗaya ba. Garuruwan ƙasar Hausa kuma da ganuwa da ƙofofi da 'yan leƙen asiri suka tsare kansu, aikin gayya na shekaru.

Ta fuskar addini maganar ta fi sauƙi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa sulke biyu a ranar Uhudu, kuma an ji masa rauni a ranar. A yaƙin Khandaƙ ya karɓi shawarar Salmanul Farisi aka haƙa gwalalo. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausar suka ga bokanci da duba a rubuce-rubucensa. Addu'a daban take da hajar boka: mai addu'a yana roƙo ne, ya san amsa tana hannun Ubangiji, sannan ya ɗaure raƙuminsa. Boka garanti yake sayarwa, a kan abin da ba shi da iko da shi.

Hujjar masu kare laya

Akwai hujja mai nauyi a ɗaya ɓangaren, kuma ta cancanci amsa. Za a ce laya tana ba da ƙarfin zuciya, kuma garin da samarinsa suka tsaya ya fi wanda suka watse. Za a ce lokacin da aka kashe gomman mutane a Kadisau ta Faskari a watan Yunin 2020, ko a 'Yargoje ta Ƙanƙara a Yunin 2024, babu wanda ya zo da lissafi ya cece su. Za a ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Duk wannan gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai raina mutumin da ya kwana a bakin gari domin wasu su yi barci. Amma ƙarfin zuciyar da aka gina a kan labarin ƙarya yana da farashi. Wanda ya gaskata harsashi ba ya huda shi ba ya neman mafaka, ba ya kwanciya a ƙasa, ba ya ja da baya idan ja da baya ne daidai, kuma yakan bi maƙiyi cikin daji har inda aka yi masa kwanton ɓauna. Soja ma yana da ƙarfin zuciya, nasa daga horo ya samo shi, da sanin cewa na kusa da shi ba zai gudu ba, da tabbacin cewa in ya faɗi za a ɗauke shi. Irin wannan ba ya wargajewa ranar da aka ga gawar wanda ya fi kowa dafuwa.

Babbar illar kuma ta siyasa ce. Labarin asiri yana sauke wa hukuma nauyi. Muddin ana cewa mutanen wane gari ba a taɓa su domin sun dafu, to garin da aka ƙone laifinsa ne da bai dafu ba, kuma babu wanda za a tambaya ina motar sintiri take. Laya ita ce tsarin tsaro mafi arha ga gwamnati, tunda talaka ne ke saye, shi ne kuma ke biyan diyya idan ta ƙi ci.

Ginin da ya dace

A daren Juma'a 11 ga Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka kora su a ƙafa zuwa dazukan Zamfara, har sai 17 ga wata aka sako 344. Abin da aka rasa a daren nan sananne ne: labari kafin maharan su iso, isassun masu gadi, da agajin da zai tare hanya kafin ɗaruruwan yara su yi nisa. Darussan nan biyar na teburin wasa su ne dai a nan, sai dai da jini aka rubuta su.

Gani kafin a gan ka yana nufin layin waya mai aiki, da rediyon hannu tsakanin ƙauye da ƙauye, da lambar da in an kira za a ɗauka. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da waɗannan uku, domin a toshe wa 'yan bindiga kunne. Sai dai matakin ya toshe bakin mai neman agaji shi ma. Sarrafa fili yana nufin tsare hanyoyin da kowa ya san da su ake bi, irin ta Ƙanƙara zuwa Sheme, da ta Sheme zuwa 'Yankara, da ta Dandume zuwa Sabuwa, tare da aiki da Zamfara da Kaduna, tunda Faskari tana maƙwabtaka da Tsafe, Sabuwa kuma da Birnin Gwari. Tsare mai rauni yana nufin rigar sulke da hular kwano na gaskiya. Mai warkarwa yana nufin kowace tawaga ta samu wanda ya iya tsayar da jini, domin jijiyar da ta tsinke a cinya tana kashewa cikin mintuna, kuma maɗaurin da ke tsayar da ita bai kai kuɗin ragon da boka ke nema ba. Darasin ƙwallon wuta kuwa shi ne mafi ɗaci: duk lokacin da aka kashe Bafulatani a kasuwa ko aka ƙone ruga domin laifin wani, an ɗauki wa daji sababbin ma'aikata.

Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, da matasa 1,466 a zubin farko, mataki ne zuwa wannan hanya, domin ta sa horo da albashi da shugabanci a inda da babu. Amma da lamba ya kamata a auna ta. Minti nawa agaji ke ɗauka daga kira zuwa isowa? Mutum nawa cikin waɗanda aka harba suka isa asibiti da rai? Iyalan waɗanda suka rasu a bakin aiki, nawa aka biya, kuma bayan wata nawa? Koke nawa aka shigar a kan jami'an, nawa aka hukunta? Waɗannan tambayoyi aikin masu ilimi ne: likita da lauya da akanta da ɗan jarida da ɗan majalisa, 'yan asalin waɗannan garuruwa, waɗanda suka san yadda ake karanta kasafin kuɗi.

Matasa a wasu ƙasashe suna kwana suna ƙirga ko sihirin takarda zai ci sau 40 ko sau 65 cikin 100, alhali abin da za su rasa takarda ce da za a sake cikewa. Saurayin Faskari ba a sake cike tasa. Wanda duk ya iya karanta jadawali, ya kuma zaɓi ya tura bidiyon wuƙa maimakon ya tambayi ina rigar sulke, ya sani yana cikin masu yi wa boka talla, kuma kuɗin tallar uwar wani ce za ta biya.